Wasiƙar Rakiya: Daga Neman Alfarma Zuwa Ba Da Shaida

Duk editan da ya daɗe yana buɗe saƙonnin marubuta yakan gane wata irin wasiƙa tun kafin ya kai layi na uku. Takan fara da gaisuwa mai tarin yawa, ta tambayi lafiyar edita da iyali da abokan aiki, ta yabi mujallar da cewa babu kamarta duk faɗin ƙasar, sa'an nan ta gangaro kan tarihin marubucin tun daga makarantar allo, da yadda son rubutu ya kama shi, da yadda abokai suka karanta labarin har wasu suka share hawaye. Can ƙasa, bayan shafi ya cika, sai roƙo ya biyo baya: a dubi girman Allah a taimaka a buga. Abin da ba za a samu a ciki ba shi ne yawan kalmomin labarin, ko an taɓa fitar da shi a wani wuri, wani lokaci ma har sunan labarin a manta da shi. Wannan takarda da ke raka gajeren labari ko waƙa zuwa teburin edita, wadda ya dace a kira ta wasiƙar rakiya, ƙaramar aba ce, amma ta sauya kama ƙwarai cikin shekara 90 da suka shuɗe, kuma sauyin nata ya bi sawun yadda zaman marubuci da mai buga masa aiki ya sauya. Dā neman alfarma take yi, yanzu kuwa shaida ake so ta bayar. A ganina wannan ci gaba ne, ko da yake an zubar da wani abu mai daraja a hanya, kuma yawancin kurakuran da ake tafkawa a cikinta sun samo asali ne daga aika wa editan yau wasiƙar da aka tsara don editan jiya.

Kafin injin ɗab'i ya zauna a ƙasar Hausa, marubuci bai buƙaci irin wannan takarda ba, domin aikinsa kan ɗauko bayaninsa a jikinsa. Waƙar ajami kan buɗe da sunan Allah da salati, ta sanar da abin da za ta yi magana a kai, a baitocin ƙarshe kuma sau da yawa mawaƙin ya ambaci sunansa, wani sa'in har da na mahaifinsa ko garinsu, ya ƙulla shekarar da ya gama cikin ramzi, wasu ma su faɗi adadin baitocin don kada mai kwafa ya rage ko ya ƙara. Suna, da shekara, da tsawon aiki: in aka duba da kyau, kusan abin da editan yau ke nema ke nan. Bambancin shi ne waƙar ba ta da ƙofar da za ta tsaya ta yi sallama. Daga hannun almajiri take wucewa zuwa hannun almajiri, makafi su haddace ta su rera a bakin masallaci da kasuwa, wadda ta karɓu ta rayu, wadda ba ta karɓu ba gara ta cinye takardar. Babu wani mutum guda da hukuncinsa zai tsayar da ita, don haka babu wanda za a rubuta wa a roƙa.

Ƙofar ta samu ne da zuwan boko, kuma abin sha'awa, a karon farko ba marubuta ne suka ƙwanƙwasa ta ba. A 1933 Rupert East, shugaban Hukumar Talifi da ke Zariya, shi ne ya zagaya garuruwan Arewa yana neman malamai su rubuta ƙagaggun labarai. Daga wannan gasa aka samu Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda a lokacin matashin malami ne a makarantar midil ta Katsina, da Ganɗoki na yayansa Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida tare da East ɗin kansa. Amma da aka kafa jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, sai Kamfanin Gaskiya a 1945, sai hukumar adabi ta NORLA a shekarun 1950, sai kamfanin ɗab'i na NNPC a 1966, al'amari ya juya. Mai son ganin rubutunsa na Hausa cikin ɗab'i kusan hanya guda gare shi, ta Zariya, kuma ofisoshin duk suna da ƙamshin hukuma. Mutumin da zai rubuta wa ofishin hukuma a wancan zamani salo guda ya sani, wanda aka koya masa a makaranta, wanda kuma masu rubuta wa jama'a wasiƙa a bakin gidan waya da harabar kotu suka ƙware a kai: salon takardar neman aiki da ta kai kuka. A ɗaukaka wanda ake rubuta wa, a ƙasƙantar da kai, a rufe da alkawarin biyayya. Ba abin mamaki ba ne wasiƙar rakiya ta gaji wannan riga, tun da wanda ke riƙe da ƙofa guda ɗaya tak alfarma yake yi in ya buɗe.

Akwai kuma dalilin da ya sa tsawonta a lokacin bai zama wauta ba. Rubutu abu ne na takarda, kwafinsa ɗaya ko biyu, an buga shi da tafireta in an samu, an cusa a ambulan, an manna kan sarki, an miƙa wa gidan waya tare da addu'a. Labarin Chinua Achebe ya isa misali. A 1957, yana aiki a gidan rediyo a Legas, ya aika kwafi ɗaya tilo na littafinsa na farko, rubutun hannu, zuwa wani kamfanin masu tafireta a Landan tare da kuɗin aiki. Watanni suka wuce shiru. Sai da shugabarsa a wurin aiki, Angela Beattie, ta je hutu Ingila ta taka har ofishin ta yi musu tatas, sa'an nan aikin ya dawo, kamfanin Heinemann ya buga littafin, wato Things Fall Apart, a 1958. A duniya irin wannan, wanda ya aika rubutu ya rabu da shi ke nan har sai abin da hali ya yi. Mujallun Amurka da Ingila kan buƙaci a haɗo da ambulan mai ɗauke da adireshin marubuci da kan sarki a manne, in ba haka ba ba za a mayar masa da aikinsa ba. Edita kuma ba shi da wata hanya ta sanin wanda ya aiko sai abin da wasiƙar ta faɗa. Ita ce fuskar marubucin, ita ce muryarsa, don haka yakan loda mata duk abin da ya ga dama.

Sai aka shiga wani zango da marubucin Hausa ya daina rubuta ta gaba ɗaya. Gasar da NNPC ta shirya a 1978, wadda ta haifar da So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed da Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina a 1980, tana cikin numfashin ƙarshe na tsohon tsarin. Da tattalin arziki ya tsuke a shekarun 1980, takarda ta yi tsada, manyan kamfanoni suka koma ga littattafan makaranta, marubuta suka ɗauki aikinsu suka nufi ƙananan maɗaba'u da kuɗin aljihunsu. Zamanin Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino da ƙungiyar Raina Kama ke nan a Kano. Marubuci shi ne edita, shi ne mai biyan kuɗin ɗab'i, shi ne mai kai wa 'yan kasuwa. Wasiƙa ba ta mutu ba, sai dai ta juya akala: marubuci ya sa adireshinsa a jikin littafi, masu karatu su ne ke rubuto masa. Wannan 'yanci ya ba adabin Hausa dubban littattafai da muryoyin mata da a tsohon tsari ƙila ba za su taɓa tsallake zaure ba. Amma ya bar wani giɓi: tsara guda ta marubuta ta tashi ba ta taɓa miƙa aikinta ga baƙon ido tana jiran a ce mata i ko a'a ba. Da ƙofa ta dawo, aka rasa salon yin sallama, sai aka lalubo tsohuwar rigar takardar neman aiki aka kakkaɓe ta.

Ƙofar kuwa ta dawo da yawa, ba guda ɗaya ba. Akwai mujallun intanet na Afirka da na waje, akwai shafukan adabi na jaridu, akwai gasa irin Hikayata da sashen Hausa na BBC ya fara a 2016 domin mata, mai ƙa'idar tsawon labari daga kalma 1,000 zuwa 1,500. Mujallu da dama na ƙasashen waje yanzu ta manhajar Submittable, wadda ta fito a 2010, suke karɓar aiki, inda wasiƙar rakiya ta koma ɗan akwati a cikin fom. Aikawa ba ta cin ko sisin kan sarki, don haka saƙonni suka ninka, kuma mai tace su galibi ɗan sa kai ne da ke karantawa da dare bayan ya taso daga aikin da ke ciyar da shi. Abin da irin wannan mutum ke buƙata bai wuce layi biyar ko shida ba. Sallama da sunan editan in an san shi, a rubuta shi daidai. Sai a ce: ga gajeren labari mai suna kaza, kalma 2,300, don shafinku na ƙagaggun labarai. Ba a taɓa buga shi ko'ina ba. Na aika shi wata mujalla ma, in suka riga ku karɓa zan sanar da ku nan take. Sai jimla biyu a kan marubucin, inda yake zaune da abin da ya taɓa bugawa in akwai, sai godiya, sai suna. Wanda ya saba da wasiƙar shafi guda zai ga wannan kamar an kawo tuwo ba miya, amma a lura da abu guda: kowace jimla a ciki magana ce da za a iya kama mutum da ita in ta zama ƙarya.

Nan ne nauyin wasiƙar ya koma, kuma ya fi na dā. Mujalla ba ta da abin sayarwa sai cewa ita ce ta fara fito da abu. Marubucin yau kuwa da wuya ya gama labari bai ɗora shi a Facebook ko Wattpad ba, ko ya yanka shi kashi-kashi ya watsa a zaurukan WhatsApp, inda littattafan Hausa ke yawo fiye da ko'ina a yanzu. Yawancin mujallu na ɗaukar abin da aka baza a fili a intanet a matsayin wanda aka riga aka buga, marubucinmu kuma yana ganin tun da bai shiga maɗaba'a ba, ai sabo ne fil. Edita ba zai iya bin kowane zaure yana bincike ba, dole ya dogara da abin da aka gaya masa. Haka batun fassara: wanda ya juya labarin wani zuwa Hausa, ko ya juya na Hausa zuwa Turanci, a wasiƙar ne zai faɗi mai asalin aikin da kuma ko an ba shi izini. Ga kuma sabon baƙo. A watan Fabrairun 2023 mujallar Clarkesworld ta Amurka ta rufe karɓar aiki na ɗan lokaci saboda ambaliyar labaran da na'ura ta rubuta, kuma tun daga nan mujallu da yawa ke neman marubuci ya tabbatar cewa shi ya rubuta da kansa. Takardar da a dā take cewa a taimake ni, yanzu cewa take yi wannan nawa ne, ban sayar wa kowa ba, na ɗauki alhakinsa. Mai roƙo ana yi masa uzuri in ya ƙara gishiri. Mai ba da shaida ba a yi masa.

Za a ce, ai wannan gajarta rashin ladabi ce, mu ba Turawa ba ne da za mu faɗo wa babba da magana ba gaisuwa. Ƙorafin yana da tushe, kuma babu mai hankalin da zai ce a cire sallama. Sai dai a tambaya ko doguwar gaisuwar nan ta takarda tamu ce ta gado. Wasiƙun Larabci da sarakunan daular Sakkwato ke aika wa juna, irin waɗanda aka samu a gidan Waziri Buhari a 1903, H. F. Backwell ya buga fassararsu a 1927, da yawansu 'yan layuka ne: daga wane zuwa ga wane, gaisuwa da addu'a, bayan haka, ga maganar, wassalam. Mutanen da suka fi kowa sanin girman juna ke nan, amma ba su ɗauki tsawaitawa a matsayin girmamawa ba. Ɗan aike ma a fada yakan faɗi ya yi gaisuwa, ya isar da saƙo, ya ja da baya, ba ya zama ya ba da tarihin kakanninsa. Doguwar gaisuwa ta baki ce, ta mutanen da suka haɗu ido da ido suna da lokacin juna. A takarda, musamman ga wanda saƙo 200 ke jiransa, ladabi shi ne a nuna an karanta ƙa'idojin mujallarsa, an san irin abin da take bugawa, ba a aika wa mujallar waƙa babin littafi ba. Yabon da za a iya kwafa a aika wa kowace mujalla ba tare da an sauya harafi ba, edita na gane shi daga nesa, kamar yadda mai gida ke gane kirarin maroƙin da bai san sunansa ba.

Ƙorafi na biyu ya fi ƙarfi, kuma daga ɗaya ɓangaren yake zuwa: in har aikin ne zai yi magana, a kashe wasiƙar mana baki ɗaya, tun da suna na karkata hukunci. Hujjar tana nan. Doris Lessing, wadda daga baya ta samu kyautar Nobel a 2007, ta aika littafi da sunan aro na Jane Somers a farkon shekarun 1980, kamfanin da ya daɗe yana buga mata ya mayar da shi, sai wani ne ya karɓa. A 2015 kuma aka gano cewa wata waƙa da ta shiga kundin The Best American Poetry da sunan Yi-Fen Chou wani Ba'amurke farar fata ne ya rubuta ta. Da bakinsa ya ce an ƙi ta sau 40 da sunansa na gaskiya, sau 9 da na aro kafin mujallar Prairie Schooner ta karɓa, editan kundin na shekarar, Sherman Alexie, ya kuma amsa cewa sunan ya ja hankalinsa. Don haka ba a musu, editoci mutane ne, suna na yi musu tasiri ta wannan fuska ko ta waccan. Amma abin da labaran biyu suka nuna shi ne haɗarin karanta wasiƙa kafin aiki, ba rashin amfaninta ba. Maganin da mujallu da gasa da dama suka kama shi ne raba su: a cire suna daga jikin labarin, alƙalai su karanta ba su san na wane ne ba, a buɗe bayanin marubucin bayan an yanke hukunci. Labari na biyun ma, in aka duba, ƙarya ce aka yi a wurin shaida, shi ya sa ya tayar da ƙura. Da wasiƙar ado ce kawai, da babu wanda ya damu.

Sabon marubuci kan ji tsoron layin nan na abin da ya taɓa bugawa, sai ya cike shi da kirari: gwani, fasihi, marubucin littattafai 30 da ke jiran fitowa. Bai san cewa jimla guda mai cewa ban taɓa bugawa ba ta fi masa amfani ba, domin babu abin da edita ke alfahari da shi kamar a ce shi ya fara gano wane. Imam bai da littafi ko ɗaya a 1933. Kuskuren da ya fi wannan shi ne fassara labarin a cikin wasiƙa, a ce yana koyar da haƙuri, yana nuna illar auren dole, kogin da ke ciki alama ce ta rayuwa. Mai karanta mujalla ba zai ga wasiƙar ba. In labarin bai isar da kansa ba, bayanin da aka bari a teburin edita ba zai bi shi gidajen mutane ya yi masa tafinta ba, kuma edita ya san haka.

Abin da aka yi asara shi ne amsa. East da Imam sun yi ta kai-komo a kan rubutu, har aka ɗauko Imam daga Katsina zuwa Zariya a 1936 ya zauna ya rubuta Magana Jari Ce. Ana iya sukar yawan sa hannun East, kuma an soka, amma dai akwai mutum a ɗaya gefen da ke karantawa da alƙalami a hannu. Yau mai aika labari yakan samu jimla biyu da aka tsara wa kowa, ko shiru. Gajeriyar wasiƙa ba ita ta jawo wannan ba, yawan saƙo da rashin kuɗin biyan editoci ne suka jawo shi, kuma tsawaita ta ba zai dawo da wancan zama ba.

Wuri guda ne marubucin Hausa ke da haƙƙin ƙara layi, kuma shi ne wanda aka fi mantawa. Hausa ba ɗaya ba ce a baki, a takarda ma ba ɗaya ba ce. Wanda ya sa wa tsohuwa Sakkwatanci a bakinta da gangan, ko ya bar maganar 'yan tasha da karin Damagaram, ko ya rubuta Hausar zangon Kumasi yadda ake yin ta, in bai faɗa ba, mai gyara a Kano ko Kaduna zai iya ɗauka kuskure ne ya daidaita masa ita, ya kashe muryar da labarin ya dogara a kanta. Haka rubutun kansa: a Nijar ana rubuta ƴ mai lanƙwasa inda a Nijeriya ake sa 'y, kuma haruffan ɓ da ɗ da ƙ kan rikiɗe su zama akwatuna ko alamar tambaya idan fayil ya sauka a kwamfutar da ba ta san su ba. Wannan ba fassara ma'anar labari ba ce, sanarwa ce a kan kayan da aka aiko, irin wadda mai aika tulu a mota ke yi wa direba. Jimla ɗaya ta wadatar: maganar tsohuwar da karin Sakkwato take, da gangan ne, kuma na haɗo da kwafin PDF don a ga yadda haruffan suke.